Gadin Ƙofar Mai Jego

A cikin darussan da nake koyarwa a lise ɗinmu, makarantar sakandaren Sokode a ƙasar Togo, akwai wanda ɗalibai ke ɗokin zuwansa kowace shekara, saboda sun san za su sami abin dariya. Darasi ne a kan yadda jiki ke aika wa kansa saƙo. Nakan zana kan mutum a saman allo, in zana ƙirjin mace a ƙasa, in haɗa su da layi biyu, ɗaya da farin alli, ɗaya da ja. Farin layin jijiya ce, irin wadda ke ɗaukar saƙo daga fata zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Saƙonta kamar kiran waya yake: wurin mutum ɗaya yake zuwa, yana isa nan take, yana kuma ƙarewa nan take. Jan layin kuwa jini ne. Akwai wasu ƙananan sassa a jiki da ke zuba sinadari ɗan kaɗan a cikinsa, mu a aji ormon muke ce masa, jinin ya zaga da shi ko'ina kamar shela a kasuwa, kowa ya ji, amma wanda abin ya shafa ne kaɗai ke miƙewa. Wannan saƙon yana jinkirin isa, yana kuma jinkirin gushewa.

Misalin da muke bayarwa na yadda hanyoyin biyu ke aiki tare shi ne shayarwa. Jariri ya kama nono, jijiya ta kai labari ga ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta umarci wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake da ke rataye a ƙarƙashinta, ita kuma ta saki sinadari biyu a jini. Na farko shi ke sa a samar da nonon, na biyu shi ke matso shi waje. Samarin bayan aji su yi ta ƙyaƙyatawa, 'yan mata su sunkuyar da kai, ni kuwa in ci gaba da bayani ko gezau, domin da Faransanci nake yi. Na daɗe da lura cewa akwai maganganun da bakina ke furtawa da Faransanci ba tare da kunnena ya ɗauki zafi ba, waɗanda da Hausa ko ni kaɗai a ɗaki ba zan iya faɗinsu da ƙarfi ba.

'Yata ta fari ba a hannuna ta tashi ba. Da aka yaye ta yayata ta ɗauke ta, kamar yadda aka saba a zangonmu, kuma tun daga lokacin 'yar Yaya ake ce mata a gidana. Ni da mahaifiyarta ba ma kiran sunanta, ba ma yabonta a gaban mutane. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini wannan kunya. Na tarar ana yin ta, na yi, kuma karatun jami'a a Lome bai rage mini komai daga cikinta ba. Yarinyar ta gama lise, ta auri wani direba ɗan gidan masu motocin dakon kaya da suka zo daga Nijar suka zauna a Dapawon. An shirya za ta dawo Sokode ta haihu a ɗakin Yaya, ta yi wankan jego a gida, sai naƙuda ta riga shirin. Ta haifi mace a asibitin can, cikin zafin bazara, aka mayar da ita gidan surukanta.

Gab da suna muka kama hanya ni da Yaya. Matata ba ta bi mu ba, saboda kunyar 'yar fari ta fi nauyi a kanta. Ita dai ta ƙulla kanwa da yaji da daddawa, ta miƙa wa Yaya ba tare da ta ce na wane ne ba.

Wani abu ya faru a hanya da ya kamata in faɗa, domin ya yi mini amfani daga baya. A gangaren dutsen Alejo wata tirela ta fito mana daga kwana a hannunmu. Direbanmu ya kauce, tayar motar ta ci tsakuwar gefe, muka wuce. Kafin in san abin da ke faruwa ƙafata ta riga ta taka birkin da babu shi a gaban kujerata, hannuna kuma ya damƙe tsintsiyar hannun Yaya. Wannan aikin farin layi ne, ya yi ya gama kafin tunani ya iso. Amma har muka shiga Bafilo zuciyata ba ta daina duka ba, ko da yake tirelar ta daɗe da ɓacewa. Wannan kuma jan layi ne, sinadarin tsoro da ke fitowa daga saman ƙoda, wanda ba ya barin jini da an ce masa haɗari ya wuce. Yaya ta ɓantari goro ta sa a baki don ta natsu, ta juya shi, ta juya shi, ta fito da shi ta riƙe a hannu. Ta ce bakinta ya bushe ƙamas, babu yawun da za ta tauna shi. Sai da muka wuce Kara ta iya ci.

Gidan surukan babba ne, da rumfa a waje inda maza ke zama a kan benci da tsofaffin tayoyin mota. Mahaifin direban, wanda kowa ke kira Alhaji, ya tarbe ni da girmamawar da ta sa na ji nauyi. Daga rumfar ina ganin mata suna shiga barka ƙungiya-ƙungiya, matan zango, maƙwabta 'yan ƙabilar Moba, abokan ciniki daga Mango da Gando, kowace da sabulu ko turmin atamfa a kai. Ina kuma jin kukan jaririyar daga cikin gida. Na haifi 'ya'ya biyar, na san kukan ƙoshi da na rigima. Wannan siriri ne, yana tsinkewa, yana dawowa, kamar na wanda ya gaji da roƙo.

Da la'asar Yaya ta fito ta ja ni gindin wani dogon yaro a bayan gida. Ta ce mini jaririyar ba ta samun nono. Ƙirjin uwar ya cika ya yi tauri har yana mata zafi, amma in an sa jaririyar sai ta ja ta ja, ta saki, ta fashe da kuka. Uwar mijin, Hajiya, ta sa an tatsi ɗan abin da ya samu a ludayi an jefa tururuwa a ciki, irin gwajin da iyayenmu ke yi, tururuwar kuma ba ta fita ba. Don haka an yanke cewa nonon ba shi da kyau. Ana ba jaririyar ruwan ɗumi da ɗan dabino. In an yi suna abin bai canja ba, Hajiya za ta mayar da ita ɗakinta ta rene ta da madarar gwangwani a bibiro, wato kwalbar shayar da jarirai, a nema wa uwar maganin da zai busar da nata.

Na san kowace tururuwa aka jefa a ludayin ruwa mai maiƙo da wuya ta fita, amma ban zo Dapawon don in ci gyaran uwar mijin 'yata ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bibiro a wannan zafi, da ruwan da za a dama madarar da shi, da jaririyar da ba ta cika mako ba. Na kuma san cewa nonon da ba a fitar da shi jiki kan ɗauka ba a buƙatarsa, ya rage samar da shi. In aka ƙara 'yan kwanaki a haka, maganar Hajiya za ta zama gaskiya ko ba a sha maganin komai ba.

Na roƙi Alhaji, ta bakin ɗansa, a mayar da jaririyar asibiti a duba ta. Washegari da safe Yaya da Hajiya suka kai su. Ungozomar asibitin ta auna ta a sikeli ta ce ta rame fiye da yadda take so, ko da yake abin bai kai na tashin hankali ba tukuna. Ta hana ruwan dabino, ta nuna yadda ake sa tsumma mai ɗumi a ɗan sassauta ƙirjin kafin a ba jariri, ta gyara yadda ake riƙe ta. Ta ce su dawo bayan suna, in nauyin bai fara hawa ba za ta riƙe su. Ta ƙara da cewa a bar mai jego ta huta. Hajiya ta amsa cewa in dai hutu ne babu wadda ta kai surukarta samu a faɗin garin, ko ludayi ba a bari ta ɗaga.

Gaskiya ta faɗa. Ina so a fahimce ni a nan, domin babu mugu a gidan nan. Hajiya tana son surukar tata. Ita da kanta take tsayawa a kan tukunyar ruwan wanka, ita take dama kunun kanwa, kuma a wurinta barin mai jego ita kaɗai a ɗaki wulaƙanci ne, alamar ba ta da dangi. Saboda haka ɗakin ba ya rabuwa da mutane tun daga hantsi har magariba. Ita kuma 'yar tawa ta shigo gidan da sunan 'yar boko, 'yar Togo, wadda ake jira a ga ko ta san al'ada. Sai ta ɗauki kunyar ɗan fari ta riƙe ta fiye da yadda 'yan asalin ke riƙe ta. Yaya ta kwatanta mini yadda ake shayarwar. Wata ce ke ɗauko jaririyar, wata ke riƙe mata kai, uwar kuwa ta juya fuska ga bango kamar ba da jikinta ake yi ba. In idonta ya kuskura ya sauka, sai wata daga cikin matan ta ce, “Ga ta can tana satar kallo,” ɗaki ya ɗauki shewa. Hajiya takan yi alfahari da ita a gaban baƙi, ta ce a nuna mata 'yar Maraɗi ɗaya da ta kai wannan kunya.

A nan ne Yaya ta faɗi wata magana a matsayin ƙorafi. Ta ce nonon nan taurin kai gare shi, yana zuba inda ba a neme shi ba. Na tambaye ta me take nufi. Ta ce da safe a makewayi, tana yi wa yarinyar wankan ruwan zafi su biyu kaɗai, jaririyar ta tsala kuka daga ɗaki, sai ga nono yana ɗiga da kansa har yana bin cikinta. Yarinyar ta tsaya tana kallonsa tana hawaye. Da aka koma ɗaki aka miƙo jaririyar, ya ɗauke ƙaf.

Zanen allona ne Yaya ta karanta mini ba tare da ta taɓa ganinsa ba. Kunne ya ji kuka, jijiya ta kai saƙo, 'yar tsokar nan ta saki sinadarinta, jini ya kai shi, nono ya zubo. Babu abin da ya lalace a jikin yarinyar. Abin da na saba faɗa a ƙarshen darasin, a gurguje, ana shirin kaɗa ƙararrawa, shi ne cewa tsoro da zafin ciwo da jin kunya suna iya tare wannan sinadari na biyu, nono ya cika amma a rasa mai buɗe masa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wace irin kunya littafin ke nufi ba.

Sauran aikin shi ne in faɗi wannan da Hausa, ga yayata, game da ƙirjin 'yata. Na fara da kewaye-kewaye, ina cewa masana sun lura, ina cewa jikin ɗan Adam. Yaya ta dube ni ta ce, “Malam, allon naka ka taho da shi ne, ko a ƙasa za ka zana mini?”

Na ce, “Yaya, kin tuna goronki a Alejo?”

Ta ce ta tuna.

“Yawun ƙarewa ya yi a jikinki?”

“Ina zai ƙare? Tsoro ne ya riƙe shi.”

“To, ita ma nata bai ƙare ba, kuma bai lalace ba. Ɗakin nan ne Alejonta. Kullum aka miƙo mata jaririyar, tirela ce ke fito mata daga kwana.”

Da ɗalibi ne ya rubuta mini wannan a jarrabawa da na rage masa maki, domin hanyar da tsoro ke tsayar da yawu da wadda yake tsayar da nono ba ɗaya ba ce sak. Amma sun yi kusa, kuma Yaya ta gane. Ta tambaye ni me ake bukata. Na ce ɗaki babu kowa, ta riƙe 'yarta da hannunta, fata ta taɓa fata, ta kalle ta, ta shaƙi ƙanshin kanta. Ido da hanci da kunne duk ƙofofi ne zuwa wuri ɗaya, an rufe mata su an bar mata guda.

Yaya ta yi tsaki a hankali. Ta ce a gidan mutane, ana gobe suna, ita baƙuwa za ta tashi ta kori matan da suka yiwo tafiya daga Gando? In ta yi haka, yarinyar ce za ta zauna da abin har tsufanta. In kuma aka ce da Hajiya taron da take tarawa ne ke hana jikarta abinci, an zage ta kenan a tsakar gidanta. Can ta ɗago kai, na ga irin murmushin da take yi tun muna yara in za ta sa ni aikin da ba na so.

Ta ce, “Mutum ɗaya ne a garin nan in ya doshi ɗakin kowace mace za ta tattara zanenta ta fita, ba wanda ya kore ta.”

Na ce wane ne.

Ta ce, “Kai mana. Suruki, uban yarinya. Kuma kana da hujja. Ba amarya aka haifa maka ba?”

Wasan kaka da jika take nufi, wanda ya ba namiji damar kiran jikarsa mace matarsa, ya yi mata ba'a, ya nemi haƙƙinsa a wurinta. Ni ba mutum ne mai wasa ba. Ɗalibaina za su shaida. Amma ran nan da rana ta take, ɗaki ya cika, jaririyar ta fara siririn kukan nan, na sa babbar rigata na yi sallama a tsakar gida. Ƙafafuna sun yi nauyi, tafin hannuna ya jiƙe, ina sane da sunan kowane abu da ke faruwa a jikina, sanin kuma bai rage komai ba. Hajiya ta fito tana gyara lulluɓi. Muka gaisa a tsugune, kowa na kallon ƙasa. Sai na ce, da murya mafi kauri da na samu, na yiwo tafiya tun daga Sokode don amaryata, an bar ni a rumfa kamar ɗan dako, yau kam zan gana da ita, kuma ba na son 'yan kallo.

Dariya ta tashi daga cikin ɗaki. Wata tsohuwa 'yar Moba ta leƙo ta ce ango ya tsufa, ko haƙoran tauna goron biki ba shi da su. Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi ta ce amaryar tsada gare ta, a fara ajiye kuɗin gaisuwa. Na ce sai na ga fuska tukuna. Suna tsokanata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta rusuna ta wuce ta gefena, har ɗakin ya rage daga Yaya sai mai jego.

Na shiga. Ɗakin na ƙanshin turaren wuta da man kaɗanya. 'Yata tana zaune a bakin gado, ta ja mayafi har goshi, ta juya ga bango. Ta gaishe ni da muryar da da ƙyar na ji. Yaya ta ɗora mini jaririyar a hannu. Ba ta da nauyi ko kaɗan, leɓɓanta sun bushe, tana juya kai tana neman abin kamawa a jikin rigata. Na san in akwai wanda 'yata ke jin kunyarsa fiye da duk matan da suka fita, ni ne. Ba zan iya yi mata magana kai tsaye ba, ita ma ba za ta iya saurara ba. Don haka da jaririyar na yi magana.

Na ce, “Amarya, na ji an ce ana bar miki abinci a rufe. Ki gaya wa mai ɗakin nan abincinki lafiyarsa ƙalau, ni na ce. Ki ce mata ta ɗauke ki da hannunta, ta dube ki da kyau, ta ga ko kin yi kama da mutanen Sokode. Ba mai ganinta. Ni zan zauna a ƙofa.”

Na miƙa ta ga Yaya, na fita, na saki labule, na jawo ƙofar. Akwai wata 'yar kujerar tsugune a jikin bango, ta mata, wadda ake zama a kai a tsince shinkafa. Na ɗauko ta na ajiye a bakin ƙofar, na zauna na ba ɗakin baya, na fito da carbi.

Lissafin Yaya ya yi daidai. Babu macen gidan ko baƙuwa da za ta tsallake surukin gida tana neman hanya. Masu zuwa barka suka riƙa tsayawa daga nesa, su gaishe ni, su karkata zuwa ɗakin Hajiya. Kunyar da ta rufe nonon ita ce ta tsare ƙofar.

Ba zan ce abin ya faru nan take ba. A zaman farko kukan ya daɗe, ya tsaya, ya dawo. Yaya ta fito ta ce an ɗan samu, ba yawa, yarinyar sai waiwayen ƙofa take yi. Na koma rumfa, da aka jima kukan ya tashi na sake sa rigata. Mazan rumfar suka fara yi mini ba'a, Alhaji ya ce tun da yake bai taɓa ganin angon da ke gadin ƙofarsa da kansa ba. Rana ta dawo kan wurin da nake zama, gwiwoyina suka yi tsami a kan gajeriyar kujerar. A zaune a wurin na yi ta tunanin abin da ban taɓa kawo wa ɗalibaina ba. Ina koya musu cewa akwai ayyukan jiki da mutum ke yi da nufi, akwai waɗanda jiki ke yi ba da izininsa ba, in ja layi a tsakani da alli. To kunya a wane gefen layin take? Ba a haifi kowa da kunyar ɗan fari ba, 'yan Moba da ke maƙwabtaka da gidan ba irin tamu suke yi ba. A wurin mutane muka koye ta, amma ta bi ta kunne da ido ta sauka har inda nufinmu ba ya kaiwa, ta kama 'yar tsokar da ko sunanta yawancinmu ba mu sani ba. Ni da nake wannan tunani, zuciyata dukan Alejo take yi don kawai na shiga ɗakin 'yar da na haifa. Ban kai ga cewa al'adar banza ce ba. Ita ta rene ni, kuma da ita nake tsare ƙofar. Na dai gane cewa jaririyar da ba ta cika mako ba ba ta san da ita ba, yunwa kawai ta sani.

Ranar suna, bayan an yi addu'a an raba goro da dabino, gida ya cika har ba wurin taka ƙafa. Na bar maza a rumfa na koma bakin aikina. Sai na tarar an ɗauke 'yar kujerar tsugunen. A wurinta an ajiye kujerar roba mai hannu, da matashi a kai, an kuma ɗaura wani tsohon zane daga ƙusar bango zuwa igiyar shanya don ya tare rana. Na duba tsakar gida. Hajiya tana can wurin tukwane tana ba masu tuƙa tuwo umarni, ba ta kalli wajena ba. Har yau ba mu taɓa yin maganar ba.

A zaman azahar na ranar ne kukan ya fara kamar kullum, ya yanke, bai dawo ba. Na jira. Hayaniyar biki ta cika gidan, amma kunnena na bayan ƙofa. Shirun ya yi tsawo har na fara jin wani tsoron dabam. Sai ƙofar ta buɗe kaɗan, Yaya ta fito da zane a hannu, ta wuce ta gabana kamar za ta shanya shi, ta ɗan buɗe shi yadda zan gani. Ya jiƙe sharkaf. Ta ce, ba tare da ta tsaya ba, “Ɗayan ne ke zuba yayin da take shan ɗayan. Amaryarka ta yi barci da shi a baki.”

Da aka koma asibiti sikeli ya nuna nauyin ya fara hawa, ungozomar ta sallame su. Maganar bibiro ta mutu ba wanda ya binne ta. Hajiya ta gaya wa baƙi cewa kanwar Sokode ce ta yi aiki, da rubutun da wani malamin zango ya aiko. Ban musa ba. Ni kaina ba zan iya rantsuwa a kan rabon kowane abu a cikin abin da ya faru ba. Wataƙila tsumman ɗumin ungozoma da gyaran riƙon sun yi rabin aikin. Wataƙila da an ƙara kwana biyu jikin zai sami hanyarsa ko da taro a ɗakin. Mutum ɗaya ba ya zama hujja, haka nake gaya wa ɗalibai. Abin da na sani shi ne Yaya ta zauna har aka yi arba'in, kuma bayan tafiyata Hajiya da kanta take cewa masu barka su dakata a ɗakinta, amaryar Malam tana cin abinci.

Akwai abu ɗaya kuma da na sani, domin a jikina ya faru. Tun daga Sokode ban ci abin kirki ba. Ana kawo mini kwano in taɓa in rufe, ina cewa zafi ne. Da Yaya ta wuce da jiƙaƙƙen zanen nan, sai na ji kafaɗuna sun sauka daga inda ban san sun hau ba, yawu ya dawo bakina, cikina ya yi ƙara har na ji kunya. Ƙanshin naman suna da ya cika gidan tun safe, sai a lokacin hancina ya same shi. Wata mata tana wucewa da tire a nesa, na ɗaga hannu na kira ta, na ce a gaya wa Hajiya mai gadi yana jin yunwa. Aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar taushe da haƙarƙarin rago. Na cinye shi tas a kan kujerar, bayana na jingine da ƙofar, ina cin abincin a hankali don kada ƙarar kwano ta tashe su.